Dawam ɗin Auta a Bakin Tafki

Ni a sanina, babba ba ya hawa keke sai da dalili. Ko an aike shi, ko yana kai kaya, ko ba shi da abin shiga mota. A haka na tashi a unguwarmu, Mahjar. Shekara tara na yi ina kai burodi da tukunyar gas gida-gida a kan keke tun ina saurayi, ban taɓa taka feda ɗaya don jin daɗi ba, ban kuma san wanda ya taka ba. Duk mai son yi mini dariya a kan abin da zan faɗa, ya fara riƙe wannan, sannan ya yi dariyarsa.

A Jidda aka haife ni, a nan aka haifi Inna. Kakanmu ne ya zo hajji a ƙafa bai koma ba. Amma takarda ba ruwanta da wannan. A takarda ni baƙo ne. Zamana a rataye yake da iƙama, takardar izinin zama, iƙama a rataye take da kafili, wato wanda ya ɗauke ka aiki ya sa sunanka ƙarƙashin nasa. Nawa kafilin wani kamfanin robobi ne a Madinar Masana'antu, unguwar kamfanoni ta Jidda, shekara sha shida ina tuƙa musu motar ɗaga kaya a sito. Wata safiya aka tara mu aka ce an sayar da kamfanin, sababbin masu shi ba sa bukatar rabinmu. Wata biyu aka ba mu. Kowa ya nemo wanda zai karɓi kafalarsa, wanda bai samu ba a buga masa fita ta ƙarshe.

Fita zuwa ina? Zuwa ƙasar da ke rubuce a fasfona, wadda ban taɓa takawa ba, ban san ƙofar gida ɗaya a cikinta ba. Ga Inna a ɗaki, ido ya tafi, ƙafa ta kumbura. Ga matata da 'yan matanmu biyu, dukkansu a kan iƙamata suke. In na faɗi, mu duka muka faɗi. Shekarata hamsin da ɗaya, karatuna aji huɗu.

To amma ranar ban firgita kamar sauran ba, saboda ina da Auta.

Auta ƙanena ne, shekara goma sha ɗaya ke tsakaninmu. Shekara biyu kafin wannan ya bar Jidda, ta hanyar da ba zan faɗa ba, ya ɓulla ƙasar Holan. Watannin farko in ya kira muryarsa kamar ta mai jinya, daga lafiya lau sai lafiya lau. Sai wata rana ya turo mini hoto a waya. Taswira ce. Ga shuɗin ruwa a tsakiya, tafki ne babba, siffarsa kamar hantar rago. Ga jan layi ya zagaye shi kaf ya dawo inda ya taso. A kan layin akwai lambobi cikin koren da'ira, hamsin da huɗu, sha biyu, bakwai, talatin da ɗaya, ba a jere ba. A ƙasa ya rubuta: “Dawam ya ƙare, alhamdu lillahi.”

Mu nan in mutum ya ce dawam, aiki yake nufi, aikin da ake shiga da lokaci a tashi da lokaci. Ba wata ma'ana. Na karanta sau uku, na shiga ɗakin Inna na ce Auta ya samu aiki. Tsohuwar da ba ta iya miƙewa sai an kama ta, ranar da kanta ta dafa bango ta tashi. Ta sa matata ta dafa shinkafa aka rarraba wa maƙwabta sadaka. Na kira shi na sa mata wayar a kunne, tana kuka tana sa masa albarka, shi kuma daga can sai amin, amin.

Daga nan kullum sai hoton ya zo, wajen la'asar ɗinmu. Wani lokaci layin ya manne wa bakin ruwa, wani lokaci ya buɗe ya shiga gonaki ya dawo. Wani lokaci ya haɗo da hoton wurin. Ƙasa ce a shimfiɗe kamar an goge ta da dutsen guga, ba tudu ko na tururuwa. Shanu masu baƙi da fari. Hanya siririya ja, ya ce ta keke ce kaɗai, mota ba ta hawa. Wani dogon bango na ƙasa da ciyawa, ruwa a hannu ɗaya, gidaje a ɗaya hannun, kuma gidajen sun fi ruwan ƙasa. Wannan na daɗe ina kallonsa.

Ni kuwa na san aikin keke, sai na karanta taswirar da abin da na sani. Lambobin nan na ce gidajen masu karɓar kaya ne. Ai haka muke yi a da, mai kanti ya rubuta maka a bayan kwali, gida kaza burodi biyar, gida kaza gas. Tunda ga shanu, na ce madara yake kaiwa, ko wasiƙu. Har shawara nake ba shi.

“Auta, wannan talatin da ɗayan kullum sai ka je masa, babban mai saye ne ko?”

“Eh to, Yaya, ba a wuce shi.”

“Ka riƙa fara kai wa na nesa tun da ƙarfinka, na kusa ka bar su ƙarshe. Kuma kar ka shiga gidan mutane ko sun ce ka shigo.”

“To, Yaya.”

Na ga keken a hoto sau da yawa. Babu kwando, babu mazaunin kaya a baya. Na gani da idona. Na ce wa kaina a jakar baya suke ɗauka, Turawa ne.

Mako guda da sanarwar kamfani, wani dattijo ya aiko a kira ni. Bahaushen Sudan ne, abokin marigayi babanmu, shi ke kula da wani siton tayoyi can ƙarshen Masana'antu, kafilinsa kuma yana jin maganarsa. Ya ba ni shayi ya ce, “Ɗana, na ji abin da ya faru. Ina da gurbi ɗaya. Ba tuƙi ba ne, mai tuƙi muna da shi. Lodi ne da sauke kaya. Amma iƙama za ta rayu.”

Lodin tayar babbar mota, a shekaruna. Na ajiye kofin na ce, “Baba, na gode, Allah ya saka. Amma ni Holan za ni. Ƙanena yana aiki a kamfani can, zai sa su aiko mini da takarda.”

Ya dube ni ta saman tabarau. “Takardar tana hannunka?”

“Tana hanya.”

“Abin da ke hanya ba a dafa shi, ɗana.”

Na yi dariya, na nuna masa taswirar a waya kamar mai nuna takardar gida. Ya ce Allah ya sa alheri. Yadda zan yi da Inna da yara in na tafi, ban tsaya na auna ba. Na ji ana cewa can in sun ɗauki mutum da iyalinsa suke ɗauka, ni kuma ban nemi wanda zai ƙaryata mini ba.

Na fara matsa wa Auta. Kullum in hoton ya zo sai in kira, in yi masa zancen mudiri, wato shugaban kamfaninsu.

“Ka yi wa mudirinku maganar?”

“Yaya, nan ba kamar can ba ne.”

“Na sani, can sanyi. Zan sa riga biyu. Ka ce masa yayanka shekara tara ya yi a kan keke, da tukunyar gas biyu a baya, a zafin Jidda. Wannan ƙasa taku da ba hawa ba gangara, ai ko ina barci zan zagaye ta.”

“Akwai iska, Yaya. Iskar ita ce tudunsu.”

“Iska! Kai dai ka yi magana.”

“Mudirin ya yi tafiya.”

Mako ya bi mako. Mudiri ya dawo, mudiri ba shi da lafiya, ana hutu. Abokan aikina kowa ya watse neman kafili, wasu suka samu, wasu suka fara sayar da kayan ɗaki. Ni ina zaune ina jiran la'asar. Matata ta daina tambayata, wannan ya fi tambayar ciwo. Sai ta ajiye mini abinci ta tsaya kaɗan a bakin ƙofa, sannan ta fita.

Da ya rage kwana goma sha tara na ce yaron nan kunya ke damunsa, bai iya roƙo ba, tun yana ƙarami haka yake. Bari ni in rubuta wa kamfanin da kaina. A wurin aikinmu akwai wani muhandis, injiniyan injuna, ɗan ƙasa, mutumin kirki, yana jin Turanci kamar ruwa. Na roƙe shi, ya ce in same shi gida ranar Asabar da safe, a unguwar Safa.

Ban saba shiga irin gidajen nan ba. Bene mai lif, ƙofa mai ƙararrawa. Da na shiga falo abin da na fara gani keke ne a rataye a bango, sama da kujera, inda mutane ke rataye hoton Ka'aba. Siriri, tayarsa kamar yatsa. Shi kuma ya fito da wani matsattsen wando, ya ce in yi haƙuri, yanzu ya dawo daga bakin teku, shi da abokansa sukan hau keke da sassafe. Na ce a raina masu kuɗi da abin da ke damunsu. Ko a lokacin ban haɗa wannan da wancan ba.

Na yi masa bayani. Ya ce, “Tamam, ya Hajj. Mene ne sunan kamfanin?”

Na ce ban sani ba, amma ga taswirar aikinsu, wataƙila sunan yana jiki. Na miƙa masa wayar.

Ya duba, sai fuskarsa ta washe. “Ma sha Allah! Na san wurin nan! Wallahi na san shi. Bara waccan da muka je hutu na zagaye tafkin nan, ni da abokina.” Ya buɗe hoton da yatsu biyu. “Ka ga nan, akwai wani ɗan jirgin ruwa da ke tsallakar da masu keke. Nan kuma a kan bangon ruwa iska ta kusa kashe mu. Ƙanenka ɗan wasa ne sosai, kullum yake yin wannan?”

Na ce, “Kullum. Ai dawam ne.”

“Dawam kamar yaya?”

“Yana kai kaya. Ga lambobin gidajen nan.”

Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ke kuɓuce wa mutum. Sai ya dubi fuskata, dariyar ta tsaya. Ya zauna kusa da ni.

“Ya Hajj, waɗannan ba gidaje ba ne. Alamun mararraba ne. A ƙasar, duk inda hanyoyin keke suka haɗu sai su kafa allo da lamba. Kana so ka zaga, sai ka rubuta lambobin a takarda, daga hamsin da huɗu ka bi kibiya zuwa sha biyu, daga sha biyu zuwa bakwai, har ka dawo inda ka fara. Don kar mai yawo ya ɓata.”

“Mai yawo.”

“Eh. Masu hutu, tsofaffi, masu motsa jiki.”

“Talatin da ɗayan fa? Kullum sai ya je.”

Ya duba. “Gada ce. A wannan gefen ba wata hanyar tsallakawa sai ta nan.”

Na ce, “To wa ke biyan su?”

Ya tashi ya kawo mini ruwa mai sanyi. Ya ce wataƙila yana da wani aikin daban, wannan bayan ya tashi ne. Na ce masa ya duba lokacin da ke jikin hoton. Ya duba. Daga safe ne zuwa bayan azahar, kullum, har ranar da ba a aiki. Ya ce zai tambaya mini ko akwai mai neman direba cikin abokansa. Na san irin wannan maganar, ni ma na sha yi wa mutane.

Ban jira lif ba, ta matakala na sauko. A bakin ginin, a inuwar wani babban kanti, na kira Auta. Mutane suna fitowa da kekunan sayayya cike da kaya. Ya ɗauka, iska tana bugun wayar kamar ana yage zane.

“Yaya, ina kan hanya, bari in—”

“Tsaya. Sauka daga kan abin nan.”

Na ji ƙarar birki.

“Kana lamba nawa yanzu?”

“Bakwai.”

“Mutanen gidan suna lafiya? Ka gaishe su.”

Iska kawai nake ji.

“Auta, da kai nake. Me ke lamba bakwai?”

“Allo ne, Yaya. Da benci.”

“Allo da benci.”

“Da kwandon shara.”

Wallahi da yana gabana da na mare shi, gemunsa da furfurarsa da komai. Na ce masa abin da ya zo bakina. Na ce ɗan banza, maƙaryaci, ka sa tsohuwa ta yi sadakar shinkafa a kan yawon banza. Na ce ka san abin da na ƙi karɓa saboda kai? Wani mai gadin kantin ya matso yana kallona, na juya masa baya.

Da na gaji ya ce, “Ka gama, Yaya?”

“Ban gama ba.”

“To ka huta, in faɗi nawa. Ba ni da takarda. Na nemi mafaka sun ƙi ni sau ɗaya, na sake nema, ina jira. Ba a ba ni izinin aiki ba. Inda aka ajiye mu, mu huɗu ne a ɗaki, ɗaya ba ya magana da kowa sai bango. Na ga in na zauna zan zama shi. Wata tsohuwa mai kawo mana kaya ta ba ni keken mijinta da ya rasu, ta nuna mini yadda ake bin lambobin. Sai na sa wa kaina doka, in fita ƙarfe takwas kamar mai aiki, kar in dawo sai na rufe zagayen. Ranar farko da na iya zagaye shi duka, daɗi ya kama ni, na rubuta maka dawam. Wasa nake, Yaya. Na ɗauka za ka ce mini dawam ɗin uwar wa.”

“Me ya hana ka faɗa daga baya?”

“Kafin in buɗe baki ka sa mini Inna a kunne.”

Ya ci gaba.

“Kullum in na fito sai in ce yau zan gaya masa. In ce in na kai gada zan tsaya in kira. In kai gada in ce sai na kai benci. Da ka ce an sayar da kamfaninku, kwana biyu ban ci abinci ba. Amma ka riga ka ce wa Baba na siton taya a'a. Na ce to me ya rage in faɗa?”

“Da ka faɗa ranar, da na koma masa washegari!”

“Na sani.”

“Ka sani.”

“Na sani, Yaya. Ka yafe mini.”

Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Na tambaye shi ko yana cin abinci. Ya ce yana ci. Na ce ya hau kekensa ya ƙarasa, kar ya tsaya a iska. Ya ce Inna fa? Na ce Inna ba ruwanka, ni zan san abin da zan ce mata. Har yau ban ce mata komai ba.

Daga Safa ban biya gida ba. Na shiga mota zuwa Mahjar, daga can na samu wata mai zuwa Masana'antu, sauran na taka da ƙafa. Rana ta take. Duk hanyar ina shirya maganar da zan yi, in fara ta nan, in fara ta can, ba wadda ta yi. Abin da ya rage bai ma kai kwana goma sha tara ba, kuma canjin kafala shi ma yana cin kwanakinsa.

Na samu dattijon a ƙofar sito yana tsaye kan masu sauke wata tirela. Ya gan ni tun daga nesa, bai daina abin da yake yi ba. Na tsaya a rana har suka gama layi ɗaya. Sannan ya juyo.

“A'a, mutanen Holan. Har an dawo?”

Ma'aikatan suka yi dariya. Na bar su suka gama.

Na ce, “Baba, na zo ne.”

“Na ga ka zo.”

“Gurbin nan.”

“Gurbin nan na ba wani tun makon da ka tafi. Ga shi can, mai jar riga. Shekararsa ashirin da shida, taya biyu yake ɗauka.”

Na dubi mai jar rigar. Sai na ji bakina yana cewa, “Don darajar babana.” Ban taɓa roƙon kowa da sunan mamaci ba sai ranar. Na durƙusa a kan simintin nan mai zafi, a gaban yaran da na haifi kamarsu.

“Tashi! Tashi, kar ka ɗora mini zunubi.” Ya kama hannuna ya ja ni cikin inuwa. Ya daɗe yana goge tabaraunsa da bakin riga. “Takardar ba ta zo ba ke nan.”

“Babu takarda, Baba. Babu kamfanin ma.”

Bai tambaye ni yadda aka yi ba, Allah ya saka masa.

Ya ce, “Ba ni ke sa hannu ba, ka sani. Kafili zai zo ranar Talata. In na ce masa ina bukatar mutum na biyu, zai ce in nuna masa mutumin yana aiki. Shi ba ya duba fuska, ba ya jin labarin uban kowa. Zai tsaya nan inda kake, ya ga abin da kake ɗagawa.” Ya nuna tirelar da haɓa. “Kana da kwana uku ka koya wa jikinka. Ban yi maka alkawari ba.”

“Na ji.”

“Bayanka lafiya?”

Shekara huɗu ke nan likita ya hana ni ɗaga abin da ya wuce jarkar ruwa. Ko matata ba ta san da wannan ba.

Na ce, “Ƙalau.”

Ya dube ni, ya daɗe. Sannan ya ɗaga murya ya ce wa mai jar riga, “Kai, ba shi safar hannu.” Ya juyo gare ni. “Yalla. Cire agogon, zai karye.”

Na cire na sa a aljihu, na hau bayan tirelar.